Keken lantarkin Baba: zai hau jirgin sama da na ruwa ko mu bar shi a gida?

Ummu Khalil: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah daga waɗanda suka taɓa yi, ba waɗanda suka ji an ce ba. Mahaifinmu shekararsa 74, gwiwoyinsa duka biyu sun gaji, ga ɗan shanyewar ɓarin jiki da ya taɓa shi shekara uku baya. Yana iya takawa da sanda daga falo zuwa banɗaki, abin da ya wuce haka kuwa sai an riƙe shi. Bara Yayanmu da ke Ingila ya aiko masa da keken nan mai batir, mai ƙafa huɗu, irin wanda ake naɗewa ya koma kamar akwati. Tun zuwansa Baba ya koma zuwa masallaci shi kaɗai, har wurin mai jarida yana leƙawa. To yanzu mu 'ya'yansa biyar mun haɗa kuɗi za mu kai shi da Mama hutun da suka daɗe suna zance: daga Abuja zuwa Basalona ta Santambul, daga can mu shiga jirgin ruwan shaƙatawa, kwana bakwai a Bahar Rum. Za a yarda mu shiga da keken? Biya ake yi? Na tambayi mai sayar mana da tikiti ya ce "ba matsala Hajiya", amma yadda ya faɗa da sauri ne bai kwanta min ba.

Kawu Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka, ya sa naku su yi muku fiye da haka. Amma 'yata, me zai sa ku ɗora wa kanku jidali? Ku biyar ne fa. Ku sayi keken hannu, ku riƙa karɓa-karɓa kuna tura shi, ga lada ga kwanciyar hankali. Mu da muka kai tsohuwarmu aikin Hajji haka muka yi, babu wanda ya tsare mu da zancen batir.

Ɗan Fagge a Amurka: Kawu, da girmanka, bari in ɗan saɓa maka. Ni shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku. Na yi rarrafe, na yi sanda, na yi keken turawa, yanzu shekara goma sha ɗaya ke nan ina kan na lantarki. Wanda ake turawa ba inda yake so yake zuwa ba, inda mai tura shi ya nufa yake zuwa. Kana son tsayawa ka kalli wani abu, kana jin nauyin cewa a tsaya. Fitsari ya kama ka cikin dare, kana lissafin wa za ka tasa. Dattijon da ya koma zuwa masallaci shi kaɗai, idan aka mayar da shi keken turawa kwana goma, ba hutu aka kai shi ba. Ummu Khalil, amsa a taƙaice: ana yarda, kuma ba a cajin kuɗi a kan keken mai lalura a duk kamfanonin da na hau. Amma kada mu yi nisa. Je ki duba jikin batirin, akwai 'yar takarda a manne. Ki rubuto mana duk abin da ke jiki, ki kuma gaya mana ko cire shi ake yi ko a ɗaure yake da noti a cikin keken.

Ummu Khalil: Na gode Malam. An rubuta Li-ion, 24V, 20Ah. Zaro shi ake yi kamar aljihun tebur, har da ɗan hannu na ɗauka.

Ɗan Fagge a Amurka: To ga inda gizo ke saƙar. Kamfanonin jiragen sama ba V ko Ah suke tambaya ba, Wh suke so, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa, kuma lissafin ba wuya: ki ninka na farko da na biyu. 24 sau 20 ya ba ki 480. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ce batirin litiyam da aka cire daga keke dole ya shiga cikin jirgi tare da fasinja, kuma kada ya wuce 300. Idan keken mai cin batir biyu ne, kowanne kada ya wuce 160. An kuma yarda a riƙe na ko-ta-kwana, ɗaya har 300, ko biyu masu 160. Na Baba ya wuce da nisa. Da "ba matsala Hajiya" kika bi, da a gaban tebur ɗin awon kaya za ki ji wannan labari, jirgi na shirin tashi. Mafita: ku nemi ƙaramin batir na wannan keken daga masu ƙera shi. Yawancinsu suna yin mai 10Ah ko 12Ah saboda matafiya. 24 sau 12 ya zama 288, ya shige. Ku sayi biyu, ɗaya a keke ɗaya a jaka. Nawa mai 12 ne, yana kai ni kusan kilomita 12 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, idan da hawa kuma ya ragu sosai.

Injiniyan Sabon Gari: Haba, wannan ai ƙaramin aiki ne. A kawo min batirin in ɓare takardar, in buga wata mai 12Ah in manna. Wa zai fasa shi ya ƙirga? Ko kuma in haɗa muku sabo da hannuna, rabin kuɗin na kamfani.

Mai Lodin Kaya: Injiniya, don girman Allah ka goge wannan maganar. Ni shekarata tara ina lodin kaya a wani filin jirgi a Turai, kuma duk shekara sai an zaunar da mu an sake koya mana zancen batirin nan. Litiyam idan ya kama wuta ba irin wutar da ka sani ba ce, kansa yake ci, ɗaya ya kunna na kusa da shi. Dalilin da ya sa ake cewa a shiga da shi sama ke nan, inda ma'aikata za su ga hayaƙi su ɗauki mataki. A watan Satumba na 2010 jirgin kaya na UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a cikin kayan da ke ɗauke da baturan litiyam, matuƙansa biyu suka rasu. Har matuƙin jirgi sai an rubuta masa inda batirin keke yake kafin ya tashi. Kuma mai ido ya san girman batirin 480 da na 288, nauyinsu ma ba ɗaya ba. Na haɗin hannu kuwa ba shi da shaidar gwajin da ake kira UN 38.3, idan aka tambaya ba abin nunawa. Ka ɗauka iyalanka ne a cikin jirgin.

Injiniyan Sabon Gari: Na karɓi gyara, Allah ya huci zuciyarka. Ban san abin ya kai haka ba. To ga wadda na sani a sana'ata: Hajiya, in za ku sayi ƙaramin, ku tabbata bakinsa iri ɗaya ne da na yanzu, kuma cajar da kuke da ita za ta yi masa. Ku duba jikin cajar, in an rubuta 100 zuwa 240V to ko'ina za ta ci wuta. Kan batirin da ke jaka a rufe shi da salatif, kada makulli ko tsabar kuɗi su taɓa shi.

Mai Lodin Kaya: Yauwa, wannan daidai. In ƙara ɗaya don masu karatu a gefe: idan batirin ba litiyam ba ne, irin mai nauyin nan ne da ba ya zubar da ruwa, yawanci a jikin keken ake barinsa, a zare makulli kawai a tabbata ba zai tashi da kansa ba. Litiyam ɗin da ke rufe a cikin keke wanda ba a yi shi don cirewa ba, shi ma akan bar shi, amma sai kamfanin ya amince. Komai dai sai kamfani ya amince, kuma a rubuce.

Maman Ikram: Ummu Khalil sannu da ƙoƙari. Ni daga Birmingham nake, maigidana ne ke hawa irin keken. Zancen batir mun wuce shi lafiya, inda muka sha wuya daban ne. Shekara biyu baya mun sauka, muna zaune a jirgi kowa ya fita, masu shara har sun shigo, mu muna jiran keke. Da aka kawo shi bakin ƙofa, sandar sitiyarin ta karkace kamar wuyan raƙumi, robar gaba ta tsage, kwandon babu shi. Abban Ikram ya zauna ya murɗa makulli, fitila ta kawo, keke ya ce bai san zance ba. Wallahi kallon da ya yi wa keken nan har yau yana raina. Bai ce komai ba, sai ya ciro hankici yana goge kujerar, kamar gogewar za ta gyara. Ni kuma gajiya ta sa na ce mu tafi masauki gobe ma kira su. Wata ma'aikaciya ce ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in bar filin jirgin ban cike takardar ɓarnar kaya ba. Ita ta cece mu. Duk da haka sai da muka yi wata huɗu ana aika imel ana dawowa kafin su biya, kuma abin da suka fara tayawa bai kai rabin kuɗin keken ba.

Barista Ƙarami: Anti, abin da ya sa suka taya haka yana cikin doka. Tafiya tsakanin ƙasashe tana ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, kuma a wurinta keken mai lalura kaya ne kamar akwatin atamfa. Akwai iyakar abin da za a biya kowane fasinja. Tun ƙarshen Disamba 2024 iyakar ta koma SDR 1,519 (SDR ma'aunin kuɗi ne na ƙasa da ƙasa), wato kusan dala 2,000, kafin nan 1,288 ce. Wanda kekensa ya fi haka tsada yana iya cike takardar bayyana darajar kaya a wurin awo, ko ya nemi inshorar da ta ambaci keken da sunansa. Kuma kwana bakwai kacal ake da su na kai ƙorafi a rubuce idan kaya ya lalace. A Tarayyar Turai akwai doka mai lamba 1107/2006: taimako a filin jirgi kyauta ne, kuma kamfani zai ɗauki kayan taimakon tafiya har guda biyu ba tare da caji ba, matuƙar an sanar da shi awa 48 kafin tashi. Sai dai Ummu Khalil ki lura, a zuwa, idan kamfanin ba na Tarayyar Turai ba ne, wajibcin da ke kansa bai kama shi ba, taimakon filin Basalona kawai ya shafe ku. A dawowa, tunda daga Sifaniya za a tashi, ta kama shi.

Ɗan Fagge a Amurka: Mu a nan tun 1986 muke da dokar da ta hana kamfanonin jiragen sama nuna wa masu lalura bambanci, kuma a tafiyar cikin gida kuɗin da ka sayi keken ake bi wajen biya. Amma kada ku ɗauka aljanna ce. Alƙaluman gwamnati sun nuna sama da kekuna 10,000 ake lalatawa ko a ɓatar a shekara. A Oktoba 2024 ma'aikatar sufuri ta ci tarar American Airlines dala miliyan 50 kan yadda take yi wa masu keke. Ni kaina sau biyu ana karya min.

Kawu Ɗanlami: To kun ji. Ni da na ce a bar shi a gida aka ce na tsufa. Keken da mutum ke zuwa masallaci da shi kullum, a je a karya masa saboda kwana bakwai? Idan ya dawo Abuja da karyayyen keke, wa zai gyara?

Mai Lodin Kaya: Kawu tambayarka tana kan hanya, amma bari in gaya muku yadda ake karyawar, don mafi yawa ana iya kauce mata. Ba mugunta ba ce. An ba mu minti kaɗan mu sauke jirgi mu loda, ga ruwan sama, ga keken da ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ba mu san inda ake kamawa ba, sai wani ya ɗaga shi ta sitiyari ko ta hannun kujera. Ba mu san inda ake sa shi firi ba, wato a saki birkinsa don ya turu da hannu, sai a ja shi da ƙarfi birki na riƙe, injin ya ci wuya. Sannan ƙofar rumbun kaya ta ƙananan jirage irin Boeing 737 tsayinta bai kai santimita 90 ba, keken da ya fi haka sai a kwantar da shi ta gefe. Daga Santambul zuwa Basalona zai iya zama ƙaramin jirgi, ki tambaya. Abin da nake so in gani idan keke ya zo hannuna: an naɗe shi an ɗaure da igiya, an cire kwando da madubi da makulli da matashin kujera an shiga da su sama, sannan ga takarda a leda manne a jiki da manyan haruffa da hoto, nan ake ɗagawa, nan ake sa shi firi, nauyinsa kilo kaza, batir yana hannun fasinja. Ku rubuta da Turanci da Sifaniyanci. Duk keken da na ga wannan takardar a jikinsa, ni da kaina nake raka shi. Ku kuma ɗauki bidiyonsa ta kowane gefe a bakin ƙofar jirgi, da lambar da aka ɗaura masa.

Ɗan Fagge a Amurka: Kuma ki ce Baba zai hau abinsa har ƙofar jirgi, kada a karɓe tun wurin awo. A tikitinsa a sa masa WCHS, ma'ana ba ya iya tafiya mai nisa kuma ba ya hawa matakala, amma zai iya takawa zuwa kujerarsa. Ta haka in jirgin ya tsaya nesa da gini za a kawo motar da ke ɗaga mutum. WCLB kuma alamar keke mai batirin litiyam ce. A Santambul kada ki sa rai za a fito muku da keken, sau da yawa wucewa yake kai tsaye zuwa jirgi na biyu. Filin nan gari guda ne, ku jira masu taimako, kada ku ce za ku lallaɓa. Amma gaskiya Kawu, akwai hanya ta uku da ta ɗan ba ka gaskiya: haya. Akwai kamfanoni irin Scootaround da ke kai maka keke har ɗakinka a jirgin ruwa, ka bar shi nan ranar sauka. Illarsa, ba wanda jikinka ya saba da shi ba ne, kuma a filayen jirgi da otal ba ka da komai.

Maman Ikram: Mu mun yi jirgin ruwa sau biyu daga Southampton, to bari in tambaya tun kafin a yi nisa. Ummu Khalil, wane irin ɗaki kuka kama wa su Baba?

Ummu Khalil: Na kowa da kowa ne Anti, mai taga. Mun biya kafin alƙalami. Na ɗauka tunda jirgin ƙato ne sai mu ajiye keken a bakin ƙofa da dare.

Maman Ikram: Kayya. Ba a barin komai a lungun ɗakuna, ko na minti goma. Hanyar tsira ce idan gobara ta tashi, kuma a kan wannan ba sa wasa ko kaɗan. A ɗaki ake ajiyewa, a ɗaki ake caji. Ƙofar ɗakin kowa da kowa kuwa faɗinta wajen santimita 55 zuwa 60 ne, ta ɗakin masu lalura ta haura 80. Ki ɗauki awon tela ki auna keken daga taya zuwa taya. Ko ya shige ma, tsakanin gado da bango ba wurin juyawa, sai dai a naɗe shi kullum. Ga banɗaki: na ɗakin kowa yana da ɗan tudu a bakin ƙofa, wurin wankan kuma kamar akwatin waya. Na masu lalura a shafe yake da ƙasa, da kujera a bango da ƙarafunan riƙewa. Abban Ikram a kujerar nan yake zama ya yi alwalarsa ba mai riƙe shi. Ɗakunan 'yan kaɗan ne a kowane jirgi kuma da wuri ake kamewa, ki kira yau, ba gobe ba. Za su aiko miki da fom na masu buƙata ta musamman, ki cike tsawo da faɗi da nauyi da irin batir. Kuma kada ku ɗauki doguwar wayar wuta mai kariyar nan ta gida, ƙwacewa suke a ƙofar shiga. Ku riƙe adafta kawai, soket ɗin ɗakin yawanci na Amurka ne da na Turai, namu mai baki uku ba zai shiga ba.

Ummu Khalil: Innalillahi, Allah ya sa na tambaya. Na auna, santimita 54 ne. Garuruwan da za a tsaya: Cannes, Genoa, Civitavecchia, Malta, Tunis, kwana ɗaya a teku, sai a dawo Basalona.

Maman Ikram: Cannes ki cire ta a lissafin Baba. Manyan jirage ba sa matsowa gaɓa a can, a tsakiyar ruwa suke tsayawa, a kwashi mutane da ƙananan jirage. Dole mutum ya taka da ƙafarsa ya tsallaka daga babba zuwa ƙarami, duka biyun suna rawa a kan ruwa, kuma ma'aikata ba za su ɗauki mutum ko keke mai nauyi ba. Idan teku ta ɗan motsa, hana shi za su yi, ba roƙo. Haka Santorini ta Girka take, ita ma har da tudu mai matakala kusan 600 in ba motar igiya ka hau ba. Civitavecchia kuma tashar da ake sauka ce don zuwa Roma, amma ba Roma ba ce, akwai tafiyar wajen kilomita 80, kuma titunan tsohon garin Roma duwatsu ne jere, ƙananan tayoyi suna shan wahala, mai gwiwa ma yana ji a jikinsa. Ku nemi mota mai ɗaukar keke tun daga gida. Malta ce za ta yi masa daɗi: daga bakin ruwan Valletta, babban birninta, akwai lif mai tsayin mita 58 da ke kai mutum lambun Barrakka a sama, daga nan ana kallon tashar gaba ɗaya.

Barista Ƙarami: Na ga Tunis a jerin. Yaya, wace irin biza kuka nema? Da zarar jirgin ya tsaya a Tunisiya kun fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum, dawowarku Basalona shiga ce ta biyu. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, kuma tun ranar farko za su iya hana ku hawa. Ku kuma tambayi kamfanin abin da ake buƙata na Tunisiyar kanta. Inshorar lafiyar da ake nema don bizar, ta Yuro 30,000, ku duba ko ta ɗauki ciwon da mutum yake da shi tun da, ko ta ɗauki jinya a cikin jirgi. Asibitin jirgin ruwa ba kyauta ba ne.

Malama Hadiza ta Islamiyya: Ni fa tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Jiragen nan ba giya da caca da kiɗa ne a ciki ba? Dattijo kamar Baba zai sake kuwa? Kuma alƙibla fa, abin da ke juyawa?

Maman Ikram: Malama akwai su, ba zan ɓoye ba, amma jirgin hawa goma sha wani abu ne, gidan cacar ɓangare ɗaya ne, mu ko ta ƙofarsa ba ma bi. Abinci kifi da kayan lambu da shinkafa sun ishe mu. Alƙibla da waya muke dubawa lokacin da za mu tayar. Wanda yake son inda babu giya sam, Saudiyya ta fara nata, AROYA, daga Jidda tun Disamba 2024.

Admin: Jama'a a dawo kan keke don Allah. Mai son zancen hukuncin shiga jirgin ruwa ya buɗe nasa zaren.

Kawu Ɗanlami: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya tambayi mai keken ba. Kuna ta lissafi a kansa kamar buhun masara.

Ɗan Fagge a Amurka: Wallahi Kawu ka kama mu, har da ni mai wa'azin 'yanci.

Ummu Khalil: Kawu na bi maganarka, na karanta masa komai bayan isha'i, har labarin Anti Maman Ikram. Ya yi shiru, sai ya ce in tambayi mai lodin kayan ko takardar da hannu za a rubuta ko bugawa ake yi. Na ce masa akwai haya fa, ya ce shi bai taɓa hawa dokin aro ba. Mama ta ce a ɗauki keken hannu mai naɗewa ma, saboda ranar da batir zai mutu a tsakiyar gari. Ya ce a ɗauka, amma Mama za a tura a ciki.

Mai Lodin Kaya: A gaida Baba. A buga, haruffa manya, a sa a leda. Shawarar Mama kuma ta fi ta kowa a nan.

Ummu Khalil: Assalamu alaikum, mun dawo shekaranjiya, na ce ba zan yi shiru ba. Ɗakin masu lalura mun samu da ƙyar, na ciki ne mara taga, Baba ya ce ai ba kwana ya je yi ba. Batir biyu masu 288 Yaya ya aiko. A Abuja sai da aka kira mutum uku kafin a samu wanda ya gane lissafin, amma da na nuna imel ɗin amincewar kamfani da na buga, magana ta ƙare. A Basalona an kawo keken bakin ƙofa lafiya. Ranar Cannes shi da Mama suka zauna a jirgi, ya ce ranar ce ya fi jin daɗi, babu layin lif, ya zagaya saman jirgin sau huɗu. A sauran ranaku lif ɗin ne abin haushi: a tashi daga cin abinci, masu ƙafa lafiyayyu su cika shi, mu jira na uku ko na huɗu. Roma awa biyu ya yi ya ce a mayar da shi, duwatsun sun girgiza masa ƙugu. A Malta kuwa sai da muka roƙe shi ya sauko daga lambun nan. A dawowa ne aka fasa robar da ke rufe tayar baya ta hagu, keken dai yana tafiya. Na cike takardar kafin mu fita, na aika ƙorafi da hotuna jiya, muna jira.

Maman Ikram: Barka da dawowa. Ki riƙa tuna musu duk mako, ki ajiye lambar takardar.

Injiniyan Sabon Gari: Hajiya barka. Babban batirin da kuka bari a gida fa? In ba za a yi amfani da shi yanzu ba, kada a bar shi cike taf ko a bushe, a tsayar da shi wajen rabi, a ajiye inda rana ba ta bugu. Robar tayar kuma kada ki bari kowa ya liƙe ta sai sun gama ganin hotunan.